Waɗanda Suka Kalli Damben Taufiq

Sau uku Malam Bara'u ya kunna bidiyon kafin jirgin ƙasan ya wuce Stockport. A na ukun ne matar da ke kujerar gefensa ta juyo ta dube shi ta saman tabarau, sai ya tuna ba shi kaɗai ba ne a taragon. Ya lalubi wurin rage murya da babban yatsa, ya ƙara ta a maimakon ya rage, ihun mutum ɗari uku ya cika wurin. Ya ba ta haƙuri, ya kife wayar a cinya. Da za ta tambaye shi, da ya gaya mata ɗansa ake kira, shi ne ya kai wani ƙato ɗan Liverpool ƙasa a turmi na bakwai shekaranjiya. Ba ta tambaya ba. Mutanen ƙasar nan ba sa tambaya, shekara talatin da biyar ke nan yana jiran su fara.

Birmingham za shi, wurin Taufiq ɗin. Jiya Lahadi da hantsi saƙo ya shigo masa, layi biyu da Turanci: yana wurin atisaye ranar Litinin daga ƙarfe goma sha ɗaya, in Baba yana so ya zo. Babu sallama, babu ina kwana. Amma shi ne karo na farko cikin shekara huɗu da yaron ya ce masa zo, don haka Malam Bara'u ya karanta shi ya fi sau goma, ya goge shaddarsa ruwan toka tun kafin la'asar. Abin da yake so bai wuce ɗaya ba, ya dawo da ɗansa.

Laifinsa ne, kuma ya sani. Ranar da Taufiq ya zo gida ya ce ya bar karatun haɗa magunguna a shekara ta biyu zai riƙe dambe sana'a, wata shida ke nan da rasuwar mahaifiyarsa Hajo, babu mai taka wa uban burki. Ya faɗi abin da ya faɗa. Ya ce shi bai bar Kano ya zo ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna gadojin Turawa cikin ruwan sama don ya haifi mai dukan mutane ba. Ya ce a can gida dambe wasan mahauta ne, kuma a zuriyarsu babu mahauci. Yaron ya tashi. Ya haɗa jakarsa ya koma Birmingham, daga nan sai gaisuwar Sallah ta waya, ita ma minti biyu. Ramlat, babbar 'yarsa, tana aure a Abuja. Gidansa na unguwar Longsight a Manchester mai ɗaki uku ya koma kicin da ɗaki ɗaya, sauran ƙofofin a rufe don kada ɗumi ya tafi a banza. Akwai ranakun da in bai je masallaci ba har rana ta faɗi bai buɗe baki ya yi magana da kowa ba, kuma abin yana cin sa.

Abin dariyar, wurin mahauci ya ga hoton tallan wasan. Ya shiga sayen rabin kilo na naman rago, sai ga Taufiq manne a bango kusa da ma'auni, ba riga, ya dunƙule hannu, yana hararar duk mai shigowa. Mai shagon, wani ɗan Pakistan mai surutu, shi ya yi masa bayani: wannan ne karo na farko da yaron zai zama babban wasan ranar, kuma ba a talabijin na kyauta za a nuna ba, sai mutum ya biya fam goma sha biyar ta intanet a buɗe masa. Malam Bara'u ya tsaya da leda a hannu yana jin kunya, mahauci ya fi shi sanin ɗansa. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne rubutun ƙasan hoton. Taufiq Bara'u, da manyan baƙaƙe. Bayan duk abin da ya faɗa masa, yaron bai ajiye sunan ba.

Ya koma gida ya zauna ya yi shawara da kansa, tunda babu wani abokin shawarar. Fam goma sha biyar ba komai ba ne a wurinsa, amma ya san ɗaliban da ke cunkushe su huɗu a ɗaki suna jiran alawus ɗin da ya ƙi zuwa. Ban da wannan ma, ina aka taɓa kallon dambe mutum shi kaɗai, ƙudundune cikin bargo da waya a hannu kamar marar gaskiya? Dambe taro ne, da ihu, da wanda zai dafa kafaɗarka. Sai ya kama zauren da suke yin suna da cin abincin Sallah, ya aro majigi, ya sa tabarau ya sayi kallon wasan da kansa, sannan ya hau waya. Duk wanda ya ce ai shi ma zai saya, sai ya rufe shi da faɗa: kada wanda ya ɓata kuɗinsa, ɗansa ne, shi ya saya wa kowa. Wasu matasa da suka yi niyyar tafiya filin da kansu ya ce su bari, a zo a haɗu wuri ɗaya ya fi armashi. Ya kira abokinsa Dakta Abdulsalami a unguwar Edgbaston ta Birmingham, shi ma ya tara mutum sittin a falonsa, na Leeds suka ji suka kwaikwaya. Ya kuma roƙi kowa alfarma ɗaya, kada a ce wa Taufiq uffan, shi zai kai masa labarin da bakinsa.

Kuma an taru. Mata suka zo da masa da miyar taushe da robobin zoɓo, maza suka zo da gardama. Ya ƙirga kujeru kamar yadda ya saba ƙirga ƙarafan gada, ɗari uku da goma sha biyu, ban da yara. Da ɗan Liverpool ya zube, wani dattijon farfesa da ba a taɓa jin dariyarsa ba ya cilla hularsa sama. Aka yi ta rungumar Malam Bara'u sai ka ce shi ya kai naushin, shi kuwa yana ɗaukar bidiyo. Bidiyon nan shi ne tsarabarsa, shi ne kuma ban haƙurinsa, domin har ya kai shekara sittin da uku bai koyi yadda uba yake ce wa ɗansa yi haƙuri ba.

Ya sauka a Birmingham ana yayyafi, ya hau bas zuwa unguwar Lozells. Wurin atisayen yana saman wani shagon kafet, ana hawa ta wata siririyar matattakala mai warin zufa da man zafi. Ya tarar da Taufiq zaune a bakin dandalin, idon hagu ya kumbura ya rufe, da ɗinki a gira. A majigi abin bai kai haka ba. Yaron ya miƙe ya ɗan rusuna.

"Baba, ka zo."

"Na zo. Ya jikin?"

Ya ce da sauƙi. Hausarsa tana nan yadda take, a karkace, da harshen Manchester a ƙarƙashinta. Suka taɓa zancen hanya, da sanyi, da Ramlat da yaranta, sai maganar ta ƙare musu, kowa yana kallon igiyoyin dandalin. Malam Bara'u ya sa hannu a aljihu ya taɓa wayar. Yana shirin fito da ita ke nan aka ji takun takalmi a matattakala.

Wata mata ce cikin baƙar kwat, da lema a hannu ɗaya, ƙaramar kwamfuta a ɗayan. Taufiq ya ce sunanta Monica, daga kamfanin da ya shirya wasan take. Ta dubi dattijon ta tambaya ko su keɓe. Taufiq ya ce babu komai, mahaifinsa ne. Malam Bara'u ya samu benci ya zauna yana juya kalmar a ransa, ta yi masa daɗi ƙwarai.

Monica ba muguwa ba ce, an dai aiko ta ne. Ta fara da yabo, ta ce kowa a ofis ya yi maganar turmi na bakwai. Sannan ta buɗe kwamfutar. Ta tuna wa Taufiq abin da ke cikin yarjejeniya: kowane ɗan dambe an ba shi tasa hanyar saye, duk wanda ya biya ta nan a kansa ake rubutawa, kuma sun ce in ya kawo mutum dubu za su sabunta masa kwantiragi su ba shi babban wasan watan Maris. An rufe lissafi jiya. Ya kawo ɗari bakwai da arba'in da ɗaya. Wanda ya sha kaye ya kawo dubu biyu da ɗari huɗu, don haka shi za a ba Maris. Taufiq kuwa, in wuri ya samu a ƙananan wasanni za su neme shi. Ta ce kamfani ba ya duba wanda ya tsaya da wanda ya faɗi kawai, yana duba wanda mutane za su ciro kuɗi dominsa.

Malam Bara'u ya fahimci lissafi tun kafin a haifi matar nan. Ya yi gyaran murya, ya yi tambaya da Turancinsa na ofis.

"In mutum ɗaya ya saya, mutum goma suka kalla tare da shi fa?"

"Ɗaya ne," in ji Monica. "Saye muke gani, ba ma ganin idanu."

Bai so ya yi ɗebewar ba, amma kansa ya yi ta ba da izininsa ba. Ɗari biyu da hamsin da tara suka rage. Kujerun da ya ƙirga da hannunsa sun fi haka, ko ba a sa falon Dakta Abdulsalami da na Leeds ba.

Ta rufe kwamfutar, ta ce ta yi baƙin ciki da abin ya zo a haka. A bakin ƙofa ta juyo, ba da izgili ba, kamar mai son ta gane, ta ce wa Taufiq ai ya ce musu yana da jama'a. Mai horar da shi, wanda tun ɗazu yake gyara wasu safar hannu da ba sa bukatar gyara, ya ɗauki rigarsa ya ce zai je ya sha shayi. Wurin ya rage daga uba sai ɗa, da ƙarar ruwa a kan rufi.

Taufiq ya fara magana yana kallon hannuwansa, rabi Hausa rabi Turanci, a hankali kamar mai ba da labarin wani. Ya ce shi ya cika musu baki, ya ce Hausawa sun yi yawa a ƙasar nan, likitoci, injiniyoyi, ɗalibai, za su tsaya masa. Ya tura hanyar sayen a duk wani zauren waya da yake ciki, na 'yan Kano, na tsofaffin 'yan Islamiyya, na ƙwallon Lahadi. Shiru. Ko fatan sa'a babu wanda ya yi masa, har ya ji kunya ya fice daga cikinsu duka. Ranar wasan ya leƙa ɓangaren da aka ware wa mutanensa, abokan atisaye ne su goma sha wani abu a cikin kujeru fanko. Ɗan Liverpool kuwa unguwarsu ce ta taso gaba ɗaya. Da alƙali ya ɗaga hannun Taufiq, ihun tsiya aka yi masa.

"Ba na ganin laifinka, Baba," ya ce. "Kai at least ka faɗa mini a fuskata. Su ma haka suke kallona, ɗan Malam Bara'u da ya lalace, kawai ba sa faɗa ne. It's fine. Yanzu na sani ba ni da kowa."

Ya share hanci da bayan hannu, ya ɗago da ido ɗayan da yake gani da shi.

"Amma kai ka zo. Ban zaci za ka zo ba. Akwai wani wuri nan ƙasa suna yin shinkafa mai kyau, mu je mu ci. Ka ci abinci?"

Ga shi nan, abin da ya hau jirgi dominsa, an miƙo masa a hannu. Shekara huɗu yana cin abinci a tsaye a kicin, yau ɗansa yana cewa su je su ci tare. Abin da ake bukata daga gare shi kawai ya bar wayar a aljihu. Yaron ya yanke hulɗa da mutane, ba lallai labarin ya iso shi ba, in ma ya iso wata rana, kafin nan sun shirya. Zai zama shi kaɗai ne wanda ya zo, shi kaɗai ne wanda ya damu. Malam Bara'u ya ji daɗin wannan tunanin, kuma jin daɗin ne ya tsorata shi. Ya san yadda mutum yake komawa in ya yarda ba shi da kowa. Ya san rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, da wuni ba magana. Shi ya fara da shekara hamsin da tara, wannan kuwa ashirin da shida gare shi.

Ya ciro wayar. Sai da ya dangwala sau biyu kafin bidiyon ya buɗe. Ya miƙa masa.

Taufiq ya karɓa yana yamutsa fuska. Hoton yana rawa, ana ganin bayan kawuna da huluna da mayafai, can gaba farin bango da shi kansa a jiki yana zagaya abokin karawarsa. Sai naushin ya sauka, zauren ya tashi tsaye gaba ɗaya, kujeru suna faɗuwa, ana kiran sunansa. Wayar ta juya ta bi fuskoki: malaminsa na Islamiyya yana tsalle da carbi a hannu, abokan ƙuruciyarsa sun rungume juna, wata tsohuwa a layin gaba ta ɗaga hannu biyu sama tana kuka. Ya kalla har ƙarshe bakinsa a ɗan buɗe.

"Ina ne nan?"

"Longsight. Zauren da muke Sallah."

"Mutum nawa?"

"Ɗari uku da goma sha biyu, ban da yara. An yi a gidan Dakta Abdulsalami ma, an yi a Leeds."

Taufiq ba injiniya ba ne, amma shi ma ya yi makaranta. Malam Bara'u yana kallon lissafin yana shiga masa, ya ga lokacin da ya kai ƙarshe.

"Saye nawa?"

"A wurinmu ɗaya. Sun so su saya, ni na hana. Ni na ce kada a gaya maka, ni na hana samarin zuwa filin. Ban san haka ake ƙirgawa ba, Taufiq. Ban tambaya ba."

Yaron ya ajiye wayar a gefensa a hankali, ya tashi ya je ya dafa buhun naushi da hannu biyu, ya jingina goshinsa. Bai daki buhun ba, da ya daka da uban ya fi samun sauƙi. Da ya yi magana ma bai ɗaga murya ba. Ya ce shekara huɗu yana tashi kafin asuba yana gudu cikin ƙanƙara, yana aikin gadi a ƙarshen mako, duk don rana ɗaya tak. Ya ce lokacin da uban ya ƙi abin bai iya hana shi ba, sai yau da ya so abin ne ya rusa masa shi. Malam Bara'u ya sunkuyar da kai, babu kalma ɗaya a ciki da zai musa.

"Da ka yi shiru," in ji Taufiq, har yanzu bai juyo ba. "Da ban taɓa sani ba. Why would you tell me?"

"Na ji ka ce ba ka da kowa. Gara ka ji haushina ni kaɗai da ka ji haushin mutum ɗari uku da ba su yi maka komai ba." Ya ɗago kai. "Ka yi haƙuri."

Kalmar ta fito, kuma ba ta gyara komai ba. Taufiq ya dawo ya ɗauki wayar, ya tura wa kansa bidiyon, ya miƙa wa uban abarsa ba tare da sun haɗa ido ba. Ya ce yana da ganin likita ƙarfe ɗaya saboda ɗinkin. Zancen shinkafa bai sake tasowa ba, Malam Bara'u kuma bai tuna masa ba.

"Ka je, Baba. Ba yau ba."

Ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara, ya saka maɓallan kwat ɗinsa a kan shaddar ɗaya bayan ɗaya, yana jinkiri ko za a ce a raka shi bakin titi. Ba a ce ba. Ya kai bakin matattakala ya kama ƙarfen ke nan ya ji muryar yaron a bayansa.

"Wannan ta gaba, mai koren mayafi. Inno ce? Wadda take goya ni in Mama tana aiki?"

"Ita ce. Da sanda take tafiya yanzu, amma ta ce ko a ɗauke sai an kawo ta."

Taufiq yana kallon tasa wayar.

"Ka gaishe ta. Ka ce zan zo in gan ta. Ka gaishe su duka."

Malam Bara'u ya ce zai gaishe su. Ya ɗan tsaya a wurin ko akwai sauran saƙo, babu. Sai ya sauka a hankali, yana lissafa gidajen da zai bi gobe ya isar da gaisuwar, ya fita cikin ruwan ya tsallaka titi ya jira bas.